BABI NA UKU: YADDA AKE TAFIYAR DA ƘUNGIYAR MASU FATSAR NISHAƊI TA ƘASA DA ƘASA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda ake gudanar da ƙungiyar da ke wakiltar masu kamun kifi don nishaɗi a tsakanin ƙasashe. Mai fatsar nishaɗi shi ne wanda kan tafi bakin ruwa da sanda da zare da ƙugiya domin jin daɗin kamun kawai, ba tare da nufin kai kifin kasuwa ba. Wannan shi ya bambanta shi da masunci, wanda su ya zama sana'arsa, da ita yake ci da iyalinsa. Za a ɗauki Ƙungiyar Masu Fatsar Nishaɗi ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IGFA, a matsayin babban misali, daga baya kuma a waiwayi Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Fatsa ta Turai, wato EAA. Abin da babin ke son nunawa shi ne, irin wannan ƙungiya ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu, ba ta mallaki ko da kududdufi ba. Jarinta kaf shi ne yardar da mutane suka yi da maganarta, kuma a kan kare wannan yarda ne mafi yawan aikin shugabanninta yake tafiya.

3.1 Kafuwar IGFA da Hanyar Samun Kuɗinta

An kafa IGFA ranar 7 ga watan Yuni na shekarar 1939, a wani zama da aka yi a Gidan Adana Tarihin Halittu na Amurka da ke birnin Niyok. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan lamarin shi ne Michael Lerner, wani attajiri mai sha'awar kamun manyan kifayen teku. Sai dai ba shi aka naɗa shugaba na farko ba. An ba William King Gregory, masanin halittar kifi a wannan gidan tarihi, aka kuma ba wata masaniya, Francesca LaMonte, muƙamin sakatariya. Marubucin nan Ernest Hemingway ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaba a 1940. Idan aka lura da wannan tsari za a ga cewa tun daga tushe an nemi a jingina ƙungiyar da masana, domin kada a ɗauke ta a matsayin majalisar masu kuɗi da ke yabon junansu.

Shekaru da dama ƙungiyoyin fatsa da cibiyoyin bincike ne kaɗai ke iya zama mambobi, kuma Lerner ne ke ɗaukar nauyin kuɗin gudanarwa daga aljihunsa. Wannan ya ba ta sauƙi, amma ya ɗaure rayuwarta da ta mutum ɗaya. A 1973, bisa shawarar Elwood K. Harry, aka buɗe ƙofa ga ɗaiɗaikun mutane su shiga su riƙa biyan kuɗin shekara. Daga nan sai kuɗin shiga ya dogara ga mambobi da masu ba da gudummawa da kamfanonin da ke ƙera kayan fatsa. A 1978 mujallar Field & Stream ta miƙa mata kundin bajintar kifayen rafi da tafki da ta daɗe tana riƙe da shi. Hedikwatar ƙungiyar tana jihar Fulorida, kwamitin amintattu ne ke jan ragamarta, sannan tana da wakilai 'yan sa kai a ƙasashe masu yawa, waɗanda su ne idonta da kunnenta a can.

3.2 Kundin Bajinta

Babban abin da aka san IGFA da shi shi ne ajiye kundin da ke nuna wanda ya kama kifi mafi nauyi a kowane nau'i. A ido abu ne mai sauƙi. Amma idan aka yi la'akari da cewa kifin an kama shi ne a tsakiyar teku ko a wani tafki mai nisan dubban kilomita daga ofishin ƙungiyar, kuma babu jami'inta ko ɗaya a wurin, za a gane girman nauyin da ke kan masu tantancewa. Mai fatsa kuwa, a ko'ina yake, ba a san shi da rage girman kifin da ya kama ba in yana ba da labari.

Saboda haka ne aka tsaurara ƙa'idoji. Dole mutum ɗaya ya kama kifin, ya yi fama da shi har ya jawo shi. Idan wani ya taɓa sandar ko zaren ko faifan naɗe zaren a lokacin da ake wannan fama, kamun ya ɓaci. Ba a yarda a harbi kifin da bindiga ko a soke shi da mashi ba. Idan wani kifi ya gutsure shi, ko farfelar jirgi ta yanke shi kafin a fito da shi, ba a karɓa. Za a auna shi a tudu, a kan sikelin da aka tabbatar da ingancinsa, a gaban shaidu, a ɗauki hotuna. Har ila yau, mai neman kambu zai aika da guntun zaren da ya yi amfani da shi, domin an kasa bajintar gida-gida gwargwadon ƙarfin zare, tun daga mai ɗaukar kilo 1 har zuwa mai ɗaukar kilo 60. A ofishi za a jiƙa zaren a ja shi da na'ura har ya tsinke. In ya fi ƙarfin da aka rubuta a takarda, to ba za a sanya kamun a wannan rukunin ba.

Akwai kuma ƙa'idar tazara. Kifin da bai kai laba 25 ba, sai wanda ya fi shi da oza 2 zai ture shi. Wanda ya kai haka ko ya wuce, sai an fi shi da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Wannan ƙa'ida ta yi aiki a wata shari'a da ta ja hankalin masu fatsa. A 1932 George Perry ya kama wani kifin ruwan daɗi da ake kira bas mai babban baki a jihar Jojiya ta Amurka, mai nauyin laba 22 da oza 4, kuma shekara 77 babu wanda ya kamo shi. A watan Yuli na 2009 Manabu Kurita ya kama irinsa mai kilo 10.12 a tafkin Biwa na ƙasar Japan. Ya ɗara na Perry, amma da abin da bai kai oza ɗaya ba. Ƙungiyar ta shafe wata shida tana bincike, har aka gwada Kurita da na'urar gane ƙarya saboda raɗe-raɗin cewa a wurin da aka hana fatsa ya yi kamun. A watan Janairu na 2010 aka yanke cewa sun yi kunnen doki. Ana iya ganin wannan a matsayin tsanani, amma da an sassauta don a faranta wa wani ɓangare, da kundin ya rasa darajar da ta sa ake neman shiga cikinsa. Kundin ya ƙunshi har da giwan ruwa: mafi nauyi da aka rubuta shi ne mai kilo 104.32, wanda aka kama a tafkin Nasser na ƙasar Masar a shekarar 2000.

3.3 Tsakanin Kambu da Kare Kifi

A nan ne shugabancin ƙungiyar ya fi shiga tsaka mai wuya. Auna ƙaton kifin teku a tudu na nufin kashe shi, kuma a nau'o'i da yawa mafi girma mata ne, su ne kuma suka fi zuba ƙwai. Wato ke nan kundin da ya ba ƙungiyar suna yana kwaɗaitar da mutane su nemi kifin da ya fi kamata a bari. Alal misali, kifin malin baƙi, mai dogon baki kamar mashi, wanda Alfred Glassell ya kama a gaɓar Peru a 1953 ya kai laba 1,560, farin shak ɗin da Alfred Dean ya kama a Ostireliya a 1959 kuma ya kai laba 2,664. A yau doka ta kare farin shak a ruwan Ostireliya.

Ƙungiyar ba ta naɗe hannu ba. A 2011 ta ɓullo da sabon rukuni wanda tsawon kifi ake aunawa a kan ma'auni, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa da ransa. Ta haɗa gwiwa da Jami'ar Stanford wajen liƙa wa malin na'urar da ke aika bayanin tafiyarsa ta tauraron ɗan'adam. Ta kuma kasance cikin waɗanda suka matsa har aka zartar da dokar 2012 da ta hana sayar da malin da danginsa a yawancin Amurka. Duk da haka, a 2014 David Shiffman da wasu masana sun nuna cewa nau'o'i 85 daga cikin waɗanda ke kundin suna cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, suka nemi a daina karɓar bajintar nauyi a kansu. Hujjarsu tana da ƙarfi. Abin da ke hana shugabanni saurin ɗaukar irin wannan shawara a fili yake: masu neman kambun nan su ne dai mambobin da ke biyan kuɗin shekara.

3.4 Salon Turai: Wakilci a Gaban Hukuma

EAA, wadda aka kafa a 1994, tsarinta daban ne. Mambobinta ƙungiyoyin ƙasa ne, kuma ba ta shirya gasa. Wannan aikin wata ƙungiya ce mai suna CIPS, da aka kafa a birnin Rum a 1952. Aikin EAA shi ne kai ƙorafin masu fatsa gaban hukumomin Tarayyar Turai a Burusels, inda ake yanke yawan kifin da za a kama a tekunan nahiyar. Takan yi tafiya tare da ƙungiyar masu sana'ar kayan fatsa ta Turai, wato EFTTA.

Wahalar farko ita ce haɗa kan mambobin kansu. A Ingila da Holan, sakin kifi bayan an kama shi al'ada ce da ake yabo. A Jamus kuwa dokar kare dabbobi ta hana a cutar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, don haka wanda ya fita fatsa da niyyar sakin duk abin da ya kama yana iya samun kansa a gaban alƙali. Sakataren da zai rubuta matsaya guda da sunan waɗannan duka sai ya iya taka tsantsan da kalmomi. Akwai dai wuraren da bakinsu kan zo ɗaya, kamar batun madatsun ruwa da ke tare hanyar kifi, da batun komoran, wani tsuntsu mai nutso da dokar tsuntsaye ta 1979 ta kare har ya yaɗu yana cinye kifin koguna. Majalisar Turai ta nemi a yi tsarin sarrafa yawansa tun a 2008.

Wahala ta biyu ita ce rashin alƙaluma. Jiragen kamun kifi na kasuwa suna da rajista, ana auna abin da suka sauke a tasha. Mai fatsa kuwa yakan zo ya tafi babu wanda ya ƙirga. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta masu kamun nishaɗi a tekunan Turai da mutum miliyan 8.7, masu kashe kusan Yuro biliyan 5.9 a shekara, kuma irin wannan adadi ne ƙungiyar ke riƙewa idan tana neman a saurare ta. Abin da ya faru da kifin bas na teku ya nuna illar rashin sahihin lissafi. Da aka ga yana raguwa a arewacin ruwan Turai, sai a 2015 aka ƙayyade wa mai fatsa kifi 3 a rana. A 2016 aka hana tafiya gida da ko ɗaya a wata shidan farko, aka bar ɗaya a rana a sauran shekarar. A farkon 2018 aka hana gaba ɗaya. Sai da masana suka sake lissafi, suka gano cewa abin da masu fatsa ke kashewa bai kai yadda aka zata ba, sannan aka dawo da kifi ɗaya a rana daga watan Oktoba na wannan shekarar. A yammacin tekun Baltik kuwa, ƙayyade kamun kifin kod da aka fara da 5 a rana a 2017 ya ƙare da hani baki ɗaya a 2024.

Dangane da haka, ƙungiyar ta daɗe tana neman a riƙa tattara bayanan kamun nishaɗi yadda ya kamata, a kuma sanya masu fatsa sosai cikin manufar kamun kifi ta Tarayyar. Dokar sa ido da aka sabunta a 2023 ta tanadi cewa daga Janairun 2026 masu kama wasu nau'o'i a teku za su yi rajista, su riƙa shigar da abin da suka kama ta na'ura. Nauyin shawo kan mambobi su faɗi gaskiyar adadin ya faɗa kan shugabannin ƙungiyoyi, alhali mambobin sun san cewa da wannan adadin ne za a iya rage musu kason shekara mai zuwa.