Yadda Aka Samo Maganin Sankarar Gidan Ƙwai Daga Ɓawon Itace

1.0 Gabatarwa

Gidan ƙwai wasu ƙananan gaɓoɓi ne guda biyu a cikin marar mace, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu, inda ƙwan haihuwa yake nuna. Idan ƙwayoyin halittar wannan wuri suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har suka zama ƙari mai yaɗuwa, shi ne ake kira sankarar gidan ƙwai, ko ciwon dajin gidan ƙwai. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata sama da 320,000 ne suka kamu da ita, kuma kusan 207,000 suka rasu. Abin da ya sa take kisa haka shi ne alamominta na farko, wato kumburin ciki, ciwon mara, saurin ƙoshi da yawan fitsari, sun yi kama da na ƙananan cututtuka, don haka galibi sai ta yi nisa ake gane ta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda aka samo ɗaya daga cikin manyan magungunanta daga itace, da matakan da aka bi kafin ya isa ga marasa lafiya.

2.0 Gano Sinadarin

A shekarar 1960 Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ta haɗa hannu da ma'aikatar gona ta ƙasar domin tattaro tsirrai a gwada su a kan ƙwayoyin sankara. A 1962 wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya sassaƙo ɓawon wata bishiya a dajin jihar Washinton. Sunanta na kimiyya Taxus brevifolia, tana da siraran ganye kamar allura, kuma ba ta girma da sauri. An aika da sassaƙen ga masana harhaɗa sinadarai biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, a jihar Karolina ta Arewa. Sun ga ruwan da aka tace daga ɓawon yana kashe ƙwayoyin sankara, amma ruwan cakuɗe yake da sinadarai masu yawa. Sai da suka yi shekaru suna rarrabe su kafin su ware wanda yake aikin. Daga kilo 12 na busasshen ɓawo, rabin giram kacal suka samu. A 1971 suka bayyana tsarin sinadarin, wanda suka raɗa wa suna taksol. Daga baya Taxol ya zama sunan kasuwa, likitoci kuma suna kiransa faklitaksel.

3.0 Yadda Yake Aiki

Kafin ƙwayar halitta ta rabu gida biyu, sai ta shimfiɗa wasu siraran zaruruwa a cikinta, waɗanda suke jan kayan gadonta zuwa ɓangarori biyu. Dole ne zaruruwan su riƙa haɗuwa suna warwarewa, kamar yadda ake kafa rumfa a kuma kwance ta. A 1979 Susan Horwitz, wata mai bincike a birnin Niyok, ta gano cewa taksol yana ɗaure zaruruwan nan ya hana su warwarewa. Ƙwayar sai ta maƙale a tsakiyar rabuwa, ta mutu. Da yake ƙwayoyin sankara suna yawan rabuwa, su ne maganin ya fi yi wa illa. Amma yana taɓa lafiyayyun ƙwayoyi ma, shi ya sa gashin mai shansa yake zubewa, fararen ƙwayoyin jini su ragu, yatsun hannu da na ƙafa su riƙa mutuwa.

4.0 Gwaji a Kan Marasa Lafiya

A 1989 likitocin jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton cewa ƙarin ya ragu a jikin kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da aka ba maganin, alhali wasu magunguna sun riga sun gaza musu. A ƙarshen 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, wato shekara 30 bayan sassaƙo ɓawon farko. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1996 ya nuna cewa matan da aka haɗa wa taksol da maganin sisfilatin sun rayu kimanin wata 38 a matsakaici, waɗanda aka ba tsohon haɗi kuwa wata 24. A yau tiyata tare da haɗin faklitaksel da kabofilatin, ta hanyar ƙarin ruwa a jijiya, su ne ginshiƙin jinyar wannan cuta. Maganin yana tsawaita rai, sai dai ga mata da yawa da cutar ta yi nisa a jikinsu, takan dawo.

5.0 Matsalar Ƙarancin Bishiya

Bishiyar da aka saɓule wa ɓawo mutuwa take yi, kuma jinyar mace ɗaya tana cin bishiyoyi da dama. Masu kare daji suka yi ƙorafi. Mafita ta fito daga Faransa, inda Pierre Potier da abokan aikinsa suka samu wani sinadari mai kama da taksol a ganyen 'yar'uwar bishiyar da take fitowa a Turai. Ganye yana sake tohowa, kuma ana iya ƙarasa sinadarin a ɗakin gwaji ya zama magani. A yanzu har ƙwayoyin bishiyar ake rainon su a cikin manyan tankuna, a tace maganin ba tare da an sare ko reshe ba.

6.0 Sauran Tsirrai

Wall da Wani sun kuma ware wani sinadari daga wata bishiyar ƙasar Sin, wanda daga gare shi aka ƙera maganin tofotikan, aka amince da shi a 1996 domin sankarar gidan ƙwai da ta dawo. Akwai kuma waɗanda har yanzu bincike ake yi a kansu, kamar sinadarin da yake cikin kurkum, wato gangamau. Yana kashe ƙwayoyin sankara a kwanon gwaji, amma kaɗan ne yake shiga jini idan an ci, kuma ba a amince da shi a matsayin maganin sankara ba.

7.0 Kammalawa

Tarihin taksol ya nuna cewa akwai magani a jikin itatuwa, amma samunsa yana bukatar a ware sinadarin, a san yadda yake aiki, a auna adadin da jiki zai iya ɗauka, sannan a gwada shi a kan marasa lafiya masu yawa. Akwai guba a dangin bishiyar nan: cin ganyen wasu daga cikinsu yana iya tsayar da zuciya, jiƙonsu kuma ba ya maganin sankara. Saboda haka macen da kumburin ciki ko ciwon mara ya ɗauke ta makonni bai tafi ba, abin da ya kamace ta shi ne ta je asibiti a duba ta, domin sankarar da aka gano tun ba ta fita daga gidan ƙwai ba, galibi ana warkar da ita.