Ƙwayar Ludo da Lissafin Yiwuwa a Wasan Blood Bowl

A shekarar 1986 ne kamfanin Games Workshop na ƙasar Ingila ya fito da wani wasa mai suna Blood Bowl, wanda Jervis Johnson ya ƙirƙira. Wasan kwaikwayon ƙwallon ƙafa ne irin ta Amurka, amma a kan allo ake yin sa da ƙananan mutum-mutumi, 'yan wasan kuwa halittun tatsuniya ne, kamar dodanni da wadanni. Mutum biyu ke karawa, kowa da 'yan wasa 11 a fili. Kusan duk wani yunƙuri mai haɗari, ƙwaya mai fuska shida, irin wadda ake jefawa a ludo, ita ke yanke hukuncinsa. Saboda haka wasan ya zama kyakkyawar hanyar fahimtar reshen lissafi da ake kira lissafin yiwuwa.

Dokar farko mai sauƙi ce. Kowane ɗan wasa yana da lambar da ke nuna zafin namansa. Idan lambar 3 ce, to, in zai ɗauki ƙwallo ko ya zille wa abokin gaba, sai ƙwaya ta nuna 3 ko sama da haka. Fuska huɗu ke nan daga cikin shida, wato kusan kashi 67 cikin 100. Lamba 1 kullum faɗuwa ce, komai gwanintar ɗan wasa.

Abin da ya sa jifa ke da nauyi shi ne wata doka da ta shigo a bugun 1994: da zarar ɗan wasa ya faɗi ko ƙwallo ta kuɓuce masa, damar ƙungiyarsa ta ƙare nan take, ko da saura ba su motsa ba. Ga shi kuma dama 16 kacal kowace ƙungiya ke da ita a wasa.

A nan ne lissafi ke shigowa. Alal misali, a ce ɗan wasa zai zille, ya ɗauki ƙwallo, sannan ya ƙara taki guda fiye da ƙimarsa, wanda ke buƙatar 2 ko sama da haka. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya fi kusa da nasara. Amma yiwuwar a ci su duka ana samunta ne ta hanyar ninkawa: 4/6 sau 4/6 sau 5/6, wato 80/216, kimanin kashi 37 cikin 100. Ashe faɗuwa ta fi yawa. Shi ya sa gwanaye ke fara motsa 'yan wasan da tafiyarsu ba ta buƙatar jifa, su bar mai haɗari zuwa ƙarshe.

Wajen bangaza kuwa akwai ƙwaya ta musamman mai zane maimakon lamba. Fuska biyu na tura abokin gaba baya, biyu na iya kayar da shi, ɗaya na kayar da su biyun, ɗaya kuma na kayar da mai bangazar kansa. Idan ƙarfinsu ɗaya, ƙwaya guda ake jefawa, haɗarin faɗuwar mai bangaza kuwa 1/3 ne. Idan ya fi ƙarfi, sai ya jefa biyu ya zaɓi wadda ya so. Ba zai faɗi ba sai duka biyun sun ɓaci, wato 1/3 sau 1/3, haɗarin ya sauka zuwa 1/9.

Haka nan kowace ƙungiya tana da 'yan damammaki na sake jifa, amma ba a sake jifa ɗaya sau biyu. Jifar da haɗarinta 1/6 ne, in aka sake ta, sai ya koma 1/36.

Tun a 1654 Blaise Pascal da Pierre de Fermat na Faransa suka kafa tushen wannan ilmi, a wasiƙun da suka yi musaya kan wasannin sa'a. Ɗalibin da ke son ya gwada, ya jefa ƙwaya biyu sau ɗari yana rubuta jimlarsu. Zai ga 7 tana yawan fitowa, domin tana da hanya shida cikin 36, alhali 12 hanya ɗaya tak gare ta.