Kafin ka dangwala yatsa a takardar tiyata

A kasuwar Bodija ta Ibadan babu ɗan kasuwar da zai sayi buhun wake bai ɗebi ƙwaya a tafin hannu ya duba ko ƙwari sun shiga ba, sannan a zauna ciniki. Amma ranar da ciwo ya kai wannan mutumin asibiti aka kawo maganar tiyata, abin da yakan fito daga bakinsa bai wuce "Likita, duk abin da ka gani" ba. Sai ya dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci.

Ba kullum magani ke da hanya ɗaya ba. Idan hanji ya murɗe, babu shawara, aiki za a yi. Akwai kuma cututtukan da hanyoyinsu biyu ne ko uku, kowace da ribarta da illarta. Don irin waɗannan ne masana suka ƙirƙiro mataimakan yanke shawara: ƴar takarda, ko kati mai hotuna, ko gajeren bidiyo da ke jera wa majinyaci hanyoyin, har da jinkirta aikin, sannan ya tambaye shi abin da ya fi damunsa.

Mu ɗauki gwaiwa, wadda ƴan dako suka san ta sarai. A 2006 aka fitar da sakamakon wani bincike na Amurka da Kanada a kan maza 720 waɗanda gwaiwarsu ba ta matsa musu sosai ba. Aka yi wa wasu aiki, wasu aka bar su ana sa ido. Waɗanda tasu ta shaƙe har ta kai ga aikin gaggawa ba su kai 2 cikin 1,000 a shekara ba. Sai dai cikin shekara biyu kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu jiran sun dawo an yi musu aikin, galibi saboda zafi, kuma da aka ci gaba da bibiyarsu, cikin shekara goma adadin ya kai kusan biyu bisa uku. Katin kirki ba ya faɗin wannan da kashi-kashi. Yakan zana mutum 100, ya shafa wa waɗanda abin ya shafa launi, ko wanda bai shiga aji ba ya ƙirga da yatsa.

A nan ne nake ganin darajar abin. Likita ya san alƙaluma, amma bai san cewa mutumin nan in bai ɗauki kaya yau ba gidansa ba a ɗora tukunya, ko cewa wancan yakan bi tirela zuwa Arewa ya kwana a hanya nesa da asibiti. Mazan wancan binciken ba buhun masara suke ɗauka a ka ba. Ɗan dakon zai so a ɗaga aikin har kasuwa ta lafa, mai bin tirelar kuwa gara a yi masa yanzu. Duka biyun suna da gaskiya.

An gwada waɗannan mataimakan sosai. Wata tawagar masana ta Cochrane, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dawn Stacey ta Jami'ar Ottawa, ta tattara bincike 209 a 2024, da suka ƙunshi mutum sama da 100,000. Waɗanda aka ba mataimakan sun fi fahimtar ciwonsu da girman haɗarinsa, ruɗaninsu wajen yanke shawara ya ragu, kuma lokacin ganin likita bai ƙaru da fiye da ƴan mintuna ba. Galibin binciken dai a ƙasashe masu arziki aka yi shi.

Doka ma tana tare da majinyaci. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya ya bayyana hanyoyin magani, da amfaninsu, da haɗarinsu, da kuɗinsu, cikin harshen da mutum yake ji, gwargwadon karatunsa.

Babban asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa daga unguwar Sabo ko kasuwar Bodija. Nisan yana cikin harshe. Bahaushen da ya iya Yarbancin ciniki ba lallai ya iya na ɗakin likita ba, kuma idan ɗan cikinsa ne tafinta, kunya za ta hana dattijo tambayar ko aikin zai taɓa kwanciyar iyali. Mace kuwa sau da yawa a gida ake yanke mata shawara, wurin miji da iyayen da ba su ji bayanin likita ba. Kati da Hausa, a boko da ajami, ko saƙon murya da za a tura ta WhatsApp, zai kai bayanin har tsakar gida ba tare da ya canza a hanya ba.

Wannan ba aikin miliyoyi ba ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su nemi zama da likitocin Ibadan, a haɗa da ƴaƴanmu da suka karanci aikin lafiya, a fara da gwaiwa da ƙarin mahaifa da ciwon mafitsara na dattawa. Kafin nan, ɗan'uwa, duk ranar da aka miƙo maka takardar tiyata ba cikin gaggawa ba, ka tambayi likita ko akwai wata hanya, da abin da zai faru in ka jira, da mutum nawa cikin ɗari aikin yake yi wa illa. Haƙƙinka ne.