Lambun Bayan Gida: Tambayoyin Farkon Damina

Watannin da ke tsakanin shuka da girbi su ne mafi wuya ga ƙananan yara da mata masu ciki. Rumbu ya yi ƙasa, kayan miya sun yi tsada, aikin gona kuma ya yi yawa. A lokacin ne muke ganin yara masu rama da mata masu ƙarancin jini sun ƙaru a asibiti. Ɗan lambu a bayan gida yana iya cike wannan giɓi. Amma idan ba a kula ba, lambun da ke ciyar da gida shi ne kuma zai kawo masa cuta. Ga tambayoyin da kuka fi yi mana a wannan lokaci, da amsoshinsu.

Ruwa ya sauka sau ɗaya. Mu yi shuka?

Kada ku yi gaggawa. Damina ba ta sauka ko'ina lokaci ɗaya: a Ngaundere takan fara wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, a Garwa wajen Mayu, a Marwa kuwa sai wajen Yuni. Sau da yawa ruwan farko yakan ɗauke kwana da kwanaki, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ku tona ƙasa da hannu. Idan damshi ya kai zurfin tafin hannu, ku shuka. Idan bai kai ba, ku shuka ɗan abin da za ku iya ba ruwa da bokiti, ku ajiye sauran irin.

Irin bara yana da rai kuwa?

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ƙirga ƙwaya 10, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a inuwa. Kada ku bar tsumman ya bushe. Bayan mako ɗaya ku buɗe. Idan 7 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. Idan ba su kai 5 ba, ku nemi wani.

Irin kanti da kuka ga an rina shi ja ko shuɗi, magani aka shafa masa. Ba a cinsa, ba a ba kaji, kuma a ɓoye shi daga yara.

Fili kaɗan ne. Me ya fi dacewa mu shuka?

Ku fara da ganye, domin shi ne mai saurin kai wa tukunya. Alayyafo yakan isa tsinka cikin wata ɗaya ko ɗan fiye. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata 2. Ku ƙara da rama, da lalo, da yakuwa, da wake, ku bar kabewa ta hau danga. Zogale kuwa, ku sari reshe mai tsawon mita 1, ku binne kashi ɗaya cikin uku a ƙasa, ku kare shi daga awaki.

Koren ganye da kabewa suna da abin da ke kare ido daga dundumi, yana kuma ƙarfafa jikin yaro ya yi yaƙi da cuta. Jiki ya fi ɗaukar wannan abu idan akwai maiƙo, saboda haka ku sa gyaɗa ko ɗan mai a miya. Kada ku cika kanwa, kada kuma ku dafa ganye har ya yi baƙi. Yaron da ya cika wata 6, a dama masa ganyen da ya dahu a cikin abincinsa, a ci gaba da ba shi nono.

Wane taki za mu zuba?

A nan ne ake yawan kuskure. Ɗanyen kashin shanu, ko na awaki, ko na kaji yana ƙone saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Idan ruwan sama ya fantsama shi a kan ganye, daga nan sai baki. Ku tara kashin wuri ɗaya tare da busasshiyar ciyawa da toka, ku riƙa yayyafa ruwa, kuna juyawa. Ku ba shi aƙalla wata 3. Idan ya yi baƙi, ya daina wari da zafi, ya yi laushi kamar ƙasa, to ya ruɓe. Wanda bai tanadi irin wannan ba bana, ya nemi tsohon taki daga inda garke ya daɗe da tashi, ya kuma fara tara na baɗi tun yau.

Bayan gidan mutum kuwa, kada ya kusanci lambu, ko da na jariri ne. Ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa da rai a ƙasa, har fiye da shekara. Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa da ke huda fatar ƙafa, ta je hanji ta riƙa shan jini a hankali, har mutum ya ɗashe. Saboda haka ku sa takalmi in za ku shiga lambu, ku wanke hannu da sabulu in kun fito, ku kuma wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin yanka.

Ƙwari suna cin ganyen. Mu fesa maganin auduga?

A'a. Maganin ƙwarin auduga an yi shi ne don abin da ba a ci. Yana da ƙarfi, yana kuma daɗewa a jikin ganye, wanki ba ya fitar da shi duka. A ƙaramin lambu, ku fara da tsince tsutsa da hannu da sassafe, ku barbaɗa toka a kan ganye. Idan abin ya ci tura, ku daka 'ya'yan darbejiya gram 500, ku jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ku tace, ku yayyafa da yamma.

Idan akwai maganin feshi a gida, kada a zuba shi a kwalbar lemo ko ta ruwa, domin yaro zai ɗauka abin sha ne. Robar da ya ƙare a ciki ma ba ta zuba ruwa ko mai ba ce, ko an wanke ta.

Alamun guba su ne dalalar miyau, gumi mai yawa, amai, ciwon ciki, rawar jiki da wahalar numfashi. Ku cire wa mutumin tufafin da maganin ya taɓa, ku wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ku sa shi amai da gangan. Kada ku ɗura masa madara ko manja. Ku kawo shi asibiti nan take, tare da robar maganin, domin rubutun da ke jikinta zai nuna mana abin da za mu ba shi.

Fartanya ta sare ni. Ɗan rauni ne, sai na zo asibiti?

Ku wanke shi nan da nan da sabulu da ruwa mai tsabta, ku rufe da tsumma mai tsabta. Kada ku zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu. Ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi. Idan raunin ya yi zurfi, ko ba ku tuna yaushe aka yi muku allurar rigakafinsa ba, ku zo a ranar.

Farkon damina kuma lokacin macizai ne, musamman kububuwa a wajejen kwarin Binuwai. Kada ku cusa hannu cikin tarin ciyawa ko taki, ku fara motsa shi da sanda. In an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya. A hana wurin motsi, a ɗauko mutumin zuwa asibiti da sauri.

Ruwan ban-ruwa fa?

Ku rufe duro da randa. Ruwan da ya kwanta kwana 10 ya isa sauro ya ƙyanƙyashe a ciki. Buɗaɗɗen duro ko rami kuma hatsari ne ga yaro mai rarrafe. Ku cike ramukan da ruwa ke kwanciya a kusa da gida, kowa kuma ya kwana cikin gidan sauro.

Idan ganye ya yi yawa, ku shanya shi a inuwa, ku adana don rani. Wanda irinsa ya yi saura, ya ba maƙwabcinsa. Wanda kuma bai iya karatu ba, a karanta masa wannan ɗan littafi. Idan kuna da wata tambaya, ku zo da ita ranar awon yara ko awon ciki, za mu amsa.