Sassabin Zamani: Yadda Manoman Maraɗi Suka Dawo Da Itatuwa

A da, manomin kirki a ƙasar Maraɗi shi ne wanda gonarsa take fes. Da bazara ta kawo jiki sai a yi sassabe, a sare duk wani toho na sabara da kalgo, a tara a cinna wuta. Wanda ya bar itace a tsakiyar gona, rago ake ce masa. Ga kuma dokar gandun daji da aka gada daga Turawan Faransa, wadda ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har mutum kan biya tara don ya sare reshe a gonar ubansa. Wa zai wahala da renon abin da ba nasa ba?

Fari na shekarun 1970 da na 1984 ya tarar da ƙasa tsirara. Iska takan binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata suna cin doguwar tafiya neman itacen girki. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, amma galibin abin da aka dasa bai rayu ba.

A shekarar 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake ɗauka ciyayi ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu kuwa tana raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da tsada. Manomi ya duba kututture, ya zaɓi toho mafi ƙarfi guda biyu zuwa biyar, ya sassabe sauran da lauje ko gatari, ya riƙa rage rassan ƙasa. Da yake saiwa ta riga ta yi nisa, ba a buƙatar ban ruwa, kuma cikin 'yan shekaru itace ya wuce tsayin mutum. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Ba nan take aka karɓa ba. A lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare sai mutane da dama suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka bari ne suka zama hujja, domin maƙwabta sun ga geronsu ya fi kyau.

Gawo ya fi kowane itace shiga ran manomi. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki da tumaki. A Magarya da Matamai na jihar Damagaram gonaki sun cika da shi.

Babban aikin dai mutanen ƙauye ne suka yi shi, kuma su ya kamata a fi yabawa. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, an kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka tsara wa kansu ƙa'idar sara da tarar da za a ci ɓarawon itace. Daga gona zuwa gona, daga hirar kasuwa zuwa ta dandali, dabarar ta bazu ba tare da wani babban shiri ba.

Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.