ZAKKAR FIDDA KAI A GAƁAR TAFKIN KAINJI

Duk wanda ya shiga kasuwar Yelwa ko ta Wara a kwanakin ƙarshe na watan azumi zai tarar cinkoson jama'a ya kasu gida biyu. Akwai na wajen teloli da masu atamfa, akwai kuma na layin ma'auna, inda magidanta ke tsaye kowa yana ƙirga kawunan gidansa da yatsu. Wannan lissafi na Zakkar Fidda Kai ne, wadda waɗansu ke kira Zakkar Kono. An wajabta ta a shekara ta 2 bayan Hijira, watau shekarar da aka farlanta azumin kansa.

Hukuncinta a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantarwa a zauruka cikin Risala da Muhtasar, ba shi da wuyar ganewa. Sa'i ɗaya ne a kan kowane kai, watau mudun Annabi 4. Maigida zai fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa: matansa, da 'ya'yansa, har jinjirin da ke goye, da iyayensa idan ba su da hali. Ba a sharɗanta nisabi kamar na zakkar dukiya ba. Muddin mutum yana da abin da ya ragu bayan abincin ranar Salla na iyalinsa, to ta hau kansa. Saboda haka ita ce zakkar da masinja da Babban Sakatare suka yi tarayya a cikinta.

Amma ƙasar Yauri tana da nata yanayi dabam. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Gungawa suna zaune a tsibiran Kwara, suna noman gero da dawa da albasa, suna taɓa su. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tsibirai da fadamu masu yawa suka nutse, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga ƙasashen Yauri da Borgu zuwa sababbin matsugunai. Tafkin kuma ya jawo Sarkawa da sauran masunta daga wurare masu nisa, suka kafa tungaye a gaɓa. Ta haka aka sami jama'a mai yawa a Ngaski da Yauri da Shanga waɗanda ba su da rumbu, abincinsu daga kasuwa yake fitowa.

To, masunci da me zai fitar? Malaman Malikiyya sun lissafa iri 9: alkama, da sha'ir, da sultu, da shinkafa, da gero, da dawa, da dabino, da zabibi, da cuku. Abin lura shi ne wanda ya fi rinjaye a cimar garin. A bakin tafki kifi na miya ne, tuwo shi ne abinci. Don haka mai giwan ruwa ko tarwaɗa sai ya sayar ya auno hatsi, haka nan mai albasa, kome yawan buhunansa.

A nan ne ya kamata ma'aikacin Gwamnati ya dubi kansa. Idan dawa ce cimar gari, wanda ya fitar da dawa ya sauke wajibi. Sai dai malamai sun so mutum ya bayar daga mafi kyawun abin da yake ci. Gidan da aka yi wata guda ana buɗe baki da shinkafa, sa'an nan ranar fidda kai a aiki yaro ya nemo tsohuwar dawar da ƙwari suka huda don ta fi araha, lalle akwai abin kunya a ciki. Shinkafar ma akwai magana, tun da yake a ƙasar noman ta ake. Mai auna shanshera ya sani kusan sulusinta ƙaiƙayi ne da dusa, matalauciyar da aka bai wa kuwa sai ta nemi kuɗin inji ko ta kwana a bakin turmi. Gyararriya ita ce ke shiga tukunya da safiyar Salla.

Shi ma mudun, ba na kasuwa ake nufi ba, domin wannan kowane gari da irin nasa. Mudun Annabi cikin tafuka biyu ne na matsakaicin mutum, sa'i kuwa yakan kama kilo biyu da rabi zuwa 3, gwargwadon irin hatsin. Magidanci mai mata 2 da 'ya'ya 7, kawuna 10 ke nan har da shi, mudun Annabi 40 ke kansa. Batun ba da kuɗi maimakon hatsi, Hanafiyya sun yarda da shi, amma abin da ya shahara a Malikiyya shi ne a ba da abincin kansa.

Babbar magana a wannan yanki ita ce ta lokaci. An fi so a fitar bayan fitowar alfijir, kafin a tafi Idi. Wannan mai sauƙi ne ga wanda mabukaci ke maƙwabtaka da shi. Amma masu albashi da manyan 'yan kasuwa sun taru ne a Yelwa da Wara da Shanga, alhali da yawa daga masu tsananin bukata suna tungaye da ƙauyukan da sai an shiga jirgin ruwa ko an sha tafiya a kan babur. Ga shi kuma ba a sanin ranar Salla tabbas sai sanarwar Sarkin Musulmi ta fito da dare. Wanda ya jira wannan sanarwa, ba shi da wata dabara illa ya miƙa wa wanda ya fara sallama a ƙofarsa. Shi ya sa akan ga almajiri ɗaya a cikin gari ya cika buhu, wata tsohuwa a hayin ruwa ko tsaba ba ta gani ba.

Shari'a kuwa ta riga ta buɗe ƙofa, ta halatta a fitar da kwana ɗaya ko biyu kafin Salla, kuma haka Abdullahi ɗan Umar ya kasance yana yi. Ta kuma yarda a tara sa'i da yawa a bai wa gida ɗaya. Kwana biyun nan sun isa a ɗora buhu a jirgin da ke komawa daga kasuwa, a damƙa wa limamin tunga ko mai unguwa, waɗanda suka san gidan da ba a hura wuta ba. Irin waɗannan gidaje ba su da wuyar samu. Haɗarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Wara ran 26 ga Mayu, 2021, mako biyu bayan Ƙaramar Salla, ya ci rayuka masu yawa, ya bar iyalai ba masu ciyar da su.

Nauyin abin kuma yana sauyawa da shekaru, domin azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2012 Salla ta zo cikin Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, hanyoyi sun caɓe. A 2025 ta zo a ƙarshen Maris, da sauran hatsin kaka a hannun manoma. A shekarun da suka biyo baya tana ƙara kusantar kaka, lokacin da manomi ke da abin aunawa, amma masuncin da komarsa ta fito wayam yana nan yadda yake.

Saura wanda za a bai wa. Hakkin matalauci Musulmi ne. Ba ladan gadi ba ce, ba tukuicin maroƙi ba ce, ba a kuma kai wa malami don malantakarsa sai in shi ma mabukaci ne. Maƙwabcin da ba Musulmi ba, kamar yadda ake samu a garuruwan Kambari da Dukkawa, yana da rabonsa a tuwon Salla da sadaka, amma wannan zakka tana da masu ita.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi ko Abuja yana iya fitarwa a inda Salla ta same shi, ko ya yi wa iyalinsa umurni su fitar masa a gida. Ɗalibai kuma su lura: ciyar da ɗa namiji tana sauka daga kan uba idan ya balaga yana iya nema, ta 'ya mace kuwa sai ta tare a gidan miji. Saboda haka saurayin da ke da abin hannunsa shi zai fitar wa kansa, in kuwa mahaifinsa ne zai ɗauke masa, sai ya zama da saninsa. Wanda ya yi sakaci har rana ta faɗi ran Salla alhali yana da hali ya yi laifi, kuma zakkar ba ta faɗi ba, tana nan bashi a kansa har ya auna ya bayar.