Kafin a Jefar da Maganin Sugan Baba

Saƙon murya ne, muryar namiji, mai natsuwa. Ya fara da sallama da salati, ya ce shi ma'aikacin lafiya ne, amma bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi asibitin da yake aiki ba. Ya daɗe yana yawo a wayoyin mutanen Kibiya, daga zauren WhatsApp na dangi zuwa na tsofaffin ɗalibai, ya je Tarai, ya je Durba, ya shiga Rano. Waɗanda ba su da babbar waya ma sun ji shi, domin a majalisa ake kunna shi bayan la'asar. Gundarin maganarsa shi ne wai sabon binciken likitocin Amurka ya gano cewa maganin ciwon suga na asibiti shi ne ke lalata ƙoda da zuciya, don haka mai son ransa ya ajiye ƙwaya da allura ya koma wani jiƙo. Da ya gama, sai ya karanto lambar waya, ya maimaita ta.

Kafin ya kai ga wannan, ya jero wasu ƙananan maganganu, kuma ba su cancanci dogon bayani ba. Wai ruwan sanyi bayan cin abinci yana daskarar da kitse a jijiyoyin zuciya. Ƙarya ce, ruwa ciki yake zuwa, kafin a jima ya ɗauki ɗumin jiki. Wai wanda bugun zuciya ya kama ya yi ta tari da ƙarfi zai tsira. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Birtaniya sun daɗe da ƙaryata wannan, mai ciwon ƙirji mota yake buƙata zuwa asibiti. Wai zuma ba ta ɗaga suga. Darajar zuma a wurinmu ba mai musunta, amma mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, duk mai na'urar awo zai iya tabbatar wa kansa a gida. Maganar zoɓo ce kawai ke da ƙamshin gaskiya: ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage hawan jini, amma zoɓon da ba a zuba masa sukari ba, kuma ragin bai kai ya maye gurbin magani ba.

Shawararsa cewa kowane mai suga ya riƙa shan asfirin kullum ta fi waɗannan haɗari. A 2018 an fitar da sakamakon wani bincike na Jami'ar Oxford a kan masu suga 15,480 da ba su taɓa ciwon zuciya ba. Asfirin ya rage musu toshewar jijiyoyi da kashi 12 cikin 100, amma ya ƙara zubar jini mai tsanani da kashi 29. Likita ne ke auna wanda ya dace da shi, ba mai saƙo ba.

To, mu zo kan maganar da za ta iya kai mutum kushewa.

Na san abin da ya sa ta shiga zukata, kuma ban ga wautar wanda ya yarda da ita ba. Kusan kowace unguwa akwai wanda aka sani: an gano yana da suga, ya fara shan magani, bayan shekara huɗu ko biyar ƙafafu suka kumbura, aka ce ƙoda ce, aka shiga jigila zuwa Kano wankin ƙoda, aka sayar da gona, daga bisani rai ya yi halinsa. Wanda ya yi jinyar mahaifinsa a haka, idan aka ce masa ƙwayar ce ta kashe shi, zai ga maganar ta hau daidai, domin bayan fara ƙwayar ne ya ga lalacewar.

Abin da wannan lissafi ya tsallake shi ne shekarun da ba a gani ba. Ciwon suga na manya yakan daɗe a jiki ba a sani ba, kamar gara a cikin rumbu, ranar da aka ga alamarta a waje ta riga ta yi ɓarna a ciki. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Ko a Birtaniya, inda asibiti ke kusa da kowa, babban binciken UKPDS da aka fara a 1977 ya tarar kusan rabin waɗanda aka gano musu ciwon sun riga sun fara samun illa a jiki tun ranar da aka gano. Ina ga manomin Fammar ko Kahu da ba zai je awo ba sai fitsarin dare ya hana shi barci, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa? Sukarin da ya yi yawa a jini yana cinye ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a ƙoda, da na ido, da na ƙafa, yana kuma gaggauta toshewar manyan jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2010, wanda ya haɗa bayanan mutane kusan 700,000, ya nuna ciwon suga shi kaɗai yana ninka haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyu. Ciwon ne ya yi ɓarnar. Maganin ya zo ne a makare.

Mai saƙon ya fi matsa wa metfomin, wato ƙwayar da mutane da yawa suka sani da Glucophage. Wannan magani ba baƙo ba ne, tun 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya fara bai wa masu suga shi. A sakamakon UKPDS na 1998, masu ƙiba da aka bai wa metfomin sun samu ragin bugun zuciya da kashi 39 cikin 100, da ragin mutuwa da kashi 36, idan aka kwatanta da waɗanda aka fi dogara da gyaran abinci a kansu. Mutanen da ke wannan ɓangare na binciken ɗaruruwa ne kawai, shi ya sa masana ke taka-tsantsan da girman adadin. Amma an ci gaba da bibiyar mutanen shekaru da dama, rahoton 2024 ya nuna amfanin bai gushe ba. Babu wani sahihin bincike da ya nuna metfomin yana lalata ƙoda.

Ga inda ruɗanin ya samo asali. Ƙoda ce ke fitar da metfomin daga jiki ta fitsari. Idan ƙoda ta raunana ƙwarai, maganin yakan taru, yana iya jawo matsala mai haɗari a jini. Saboda haka likita kan rage shi ko ya canza shi idan awo ya nuna ƙoda ta yi rauni. Mara lafiya ya ji an ce masa "daina wannan saboda ƙodarka", ya koma gida ya ce likita ya ce maganin ne ya kashe masa ƙoda. Magana biyu ce daban. A 2016 ma hukumar kula da magunguna ta Amurka sassauta ƙa'idar ta yi, ta ba da damar amfani da shi ga masu matsakaicin raunin ƙoda, domin hujjoji sun nuna tsoron da ake yi a da ya wuce kima.

Ba na cewa maganin asibiti ba shi da aibi, kuma mai saƙon da tsinken gaskiya ya yi ɗinkinsa. A 2007 wani likitan zuciya a Amurka, Steven Nissen, ya fitar da nazarin da ya danganta maganin suga mai suna Avandia da ƙaruwar bugun zuciya. An yi ta muhawara, Turai ta dakatar da shi a 2010. A 2020 kuma an janye wasu nau'o'in metfomin masu narkewa a hankali daga kasuwar Amurka, saboda an samu wani gurɓataccen sinadari a cikinsu fiye da ƙa'ida. Matsalar ta wasu kamfanoni ce, kuma hukumar da ta sa aka janye su ita ce ta gargaɗi marasa lafiya kada su daina sha sai an ba su madadi. Wannan rabin labarin ne mai saƙon ya ɓoye. Haka nan metfomin yana ɓata wa wasu ciki a farkon sha, idan an daɗe ana shansa yana iya rage sinadarin B12. Ƙwayar suga ta Daonil kuwa da allurar insulin suna iya saukar da suga ƙasa ƙwarai, musamman ga tsoho ko wanda ya sha bai ci abinci ba, har ya yi gumi da rawar jiki ko ya suma. Duk waɗannan dalilai ne na komawa wurin likita a gyara awo.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jingina ƙaryar ga "sabon bincike", alhali sabon binciken akasin haka ya nuna. Bayan rikicin Avandia, Amurka ta wajabta a 2008 cewa duk sabon maganin suga sai an gwada tasirinsa ga zuciya. Daga nan ne aka samu abin da ba a zata ba. A 2015, gwajin maganin Jardiance a kan mutane 7,020 masu suga da ciwon zuciya ya nuna mutuwa ta dalilin zuciya ta sauko daga kusan 6 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin shekara uku. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna irin wannan magani yana jinkirta lalacewar ƙoda, har likitoci suka fara bai wa masu ciwon zuciya da na ƙoda da ba su da suga kwata-kwata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna a 2021. A 2024 gwajin allurar Ozempic a kan masu suga da ciwon ƙoda 3,533 ya nuna ragin munanan matsalolin ƙoda da mutuwa da kashi 24 cikin 100. Matsalarmu da waɗannan magunguna ita ce tsada, sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutanenmu. Wannan abin kuka ne na gaskiya, kuma da a kansa aka yi saƙon murya da ni ma na tura.

Akwai kuma binciken da aka yi a gida, wanda ya fi shafar mu. Nazarin THESUS na 2012 ya duba marasa lafiya 1,006 da zuciyarsu ta gaza a ƙasashen Afirka 9, da Kano a ciki, ya tarar hawan jini ne babban sanadi. A 2019 gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, da Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin masu binciken, ya nuna haɗin magani mai ɗauke da amlodifin ya fi saukar da hawan jini ga baƙar fata. Amlodifin magani ne mai sauƙin kuɗi, akwai shi a kemis. Suga da hawan jini sukan haɗu a jiki ɗaya, kuma wanda saƙon nan ya tsorata ba ya tsayawa zaɓe, ledar maganin gaba ɗaya yake ajiyewa. Daga nan sai a wayi gari baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa.

Shin ana iya rabuwa da maganin suga? Wasu suna iyawa, amma ba ta hanyar jiƙo ba. Gwajin DiRECT na Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa na farko a 2017, ya ɗauki masu ƙiba da ciwonsu bai wuce shekara shida ba, aka sa su a tsauraran tsarin rage abinci ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba magani, bayan shekara biyu adadin ya koma 36. Lafawa ce, ciwon yana iya dawowa idan ƙiba ta dawo. Kuma wannan bai shafi siririn dattijon da ya shekara goma sha biyar da ciwon ba, balle yaron da jikinsa ba ya samar da insulin. Irin wannan yaro idan aka tsayar masa da allura, cikin kwanaki kaɗan zai iya shiga amai da numfashi sama-sama ya suma, kuma yana iya mutuwa. A kan wannan babu saɓani tsakanin likitoci.

Ba raina itatuwa nake yi ba. Metfomin kansa asalinsa daga wani tsiro ne na Turai, sai da aka ware sinadarin, aka auna shi, aka gwada. Zogale da shuwaka da kuɓewa abinci ne masu kyau, a ci su a miya da kwaɗo. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan wasunsu, yawanci a jikin ɓeraye, amma ba a yi wanda ya nuna suna hana bugun zuciya ko mutuwar ƙoda ba. Jiƙon jarka kuwa, ba a san abin da ke ciki ba, ba a san ƙarfinsa ba, kuma ƙodar da suga ya raunana ita za ta tace shi. Ko lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin irin waɗannan kwalabe, shaida ce ta cewa an yi musu rajista, hukumar da kanta takan sa a rubuta cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Malam mai saƙo, ka san mutanen da kake yi wa magana. Ka san tun 2023 kuɗin magani ya yi tashin da ya sa dattijo ke raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Ka san kuɗin mota daga Kibiya zuwa Kano da dawowa, da layin da ake bi. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ka ce masa barin magani shi ne lafiya, ka ba shi abin da yake so ya ji, ka kuma karɓe ɗan abin da ya rage masa. Ka ji tsoron Allah.

Iyayenmu da 'yan'uwa da suka riga suka ajiye magani, ba abin kunya ba ne. Ku ɗauki ledar maganin da kwalbar jiƙon ku je asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Rano, a auna suga da hawan jini, ku faɗi ranar da kuka daina ba tare da ɓoyewa ba. Idan kuɗi ne matsalar ku faɗa wa likita ƙarara, sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rahusa. Ku nemi a riƙa yi muku awon ƙoda ko da sau ɗaya a shekara. Ku kuma sani cewa bugun zuciya ga mai suga wani lokaci ba ya zuwa da ciwon ƙirji mai tsanani, sai dai gumi, da haki, da kasala ta farat ɗaya, kuma wannan ba abin jiran safiya ba ne. Ku kuma da kuka tura saƙon da kyakkyawar niyya, ku koma kan duk wanda kuka tura wa, ku kira shi, ku tambaye shi ko yana shan maganinsa.